Wa Ke Da Alhakin Wanda Ruwa Ya Ci?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Duk wanda ya zauna a ƙasar Dutse ya san yadda gari ke sauya kama idan damina ta kankama. Daga watan Yuli zuwa Satumba duwatsun da suka kewaye Garu sukan yi kore shar, gero ya rufe hanyoyin ƙauye, kowane kwari da kowane rami ya cika ya batse. A daidai wannan lokaci ne kuma kunnuwanmu suka saba da wani irin labari: wane ya fita wanka da abokansa, an dawo gida da rigarsa da takalmansa, shi kuwa sai da aka nemo masunta. Sai a ji sanarwa a rediyo daga 'yan sanda ko jami'an Sibil Difens, yau a Dutse, gobe a Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu, a rufe ta da kira ga iyaye su sa ido a kan 'ya'yansu. A yi jana'iza, a yi zaman makoki, ramin kuwa yana nan yana jiran damina mai zuwa.

Tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai ita ce: idan saurayi ko yaro ya je wasa a wuri mai haɗari ya halaka, alhakin yana wuyan wa? Wuyansa shi da ya kai kansa, ko wuyan waɗanda Allah Ya ɗora wa kula da jama'a? Ni ɗalibi ne, ba mai fatawa ba, don haka abin da zan kawo tunani ne da na tattara daga karatun zaure da kuma abin da idona ya gani.

Zan fara da cewa ni ba abokin gabar wankan tafki ba ne. A kududdufin bayan garinmu na koyi iyo, a hannun yayyenmu waɗanda suka san inda ƙafa ke taɓa ƙasa da inda ba ta taɓawa. Wanda bai taɓa faɗawa ruwan sanyi ba bayan ya wuni yana noma a rana, da wuya ya gane abin da ke jan yaro zuwa can. Mu ba mu da wuraren iyo da aka gina aka sa masu gadi, in ban da ɗai-ɗai a manyan otal, waɗanda ɗan talaka bai san ƙofarsu ba. Abin da muke da shi shi ne tafki, da gulbi, da dam irin na Warwade, da duwatsun da samari ke hawa ranar Sallah su ɗauki hoto. Musulunci kuma bai ƙi wannan ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya rubuta wa mutanen Sham yana umartarsu su koya wa 'ya'yansu iyo da harbi. Al'ummar da ke son samarinta su tashi da ƙarfin jiki da ƙarfin zuciya ba za ta kulle su a ɗaki ba.

Wata shekara na je ta'aziyya a wani ƙauye da ke gefen sabon titi. Masu aikin hanya sun haƙi burji a bayan gari, suka gama aikinsu suka kwashe katafilolinsu, suka bar rami mai zurfin da ya fi tsawon mutum biyu, bakinsa a tsaye kamar bango. Da ruwa ya sauka ya cika shi, sai ya zama ba ka iya bambanta shi da sauran tafkunan da yara suka saba. Wani yaro ɗan kimanin shekara tara ya shiga, ƙafarsa ta zame. Wani saurayi da ke kiwo a kusa ya ji ihun yara, ya faɗa da kayan jikinsa domin ya ceto shi. Gawa biyu aka fitar. A zauren makokin na ji magana iri uku. Wani dattijo ya ce kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wani ya ce laifin iyaye ne da ba sa tsawata wa yara. Wani matashi kuwa, ransa a ɓace, ya ce laifin hukuma ne da ɗan kwangila, sai dai talaka ba shi da gata. Kowannensu ya faɗi wani yanki na gaskiya, amma na lura kowa ya zaɓi yankin da ya fi sauke masa nauyi.

Bari mu fara da maganar ƙaddara, tun da ita ce muka fi saurin rufe baki da ita. Imani da ƙaddara rukuni ne, babu Musulmin da ke jayayya a kan cewa rai ba ya fita sai ajalinsa ya yi. Amma sahabban da suka fi mu sanin ƙaddara ba su mayar da ita hujjar sakaci ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, sai ya yi shawara ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Haka nan Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure sannan ya dogara. Ƙaddara magana ce da muke rarrashin zuciya da ita bayan abu ya auku. Kafin ya auku, abin da aka ɗora mana shi ne riƙo da sababi. Na kuma sha jin ana cewa ai wanda ruwa ya ci shahidi ne. Gaskiya ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi cikin shahidai, muna kuma yi wa waɗanda muka rasa fatan wannan matsayi. Sai dai wannan bushara rahama ce ga mamaci da iyalinsa. Ba ta wanke wanda ya yi sakacin da ya jawo mutuwar ba, kamar yadda shahadar wanda gini ya faɗa wa ba ta wanke maginin da ya ha'inci siminti ba.

To, sai nauyin da ke kan mutum shi kansa. A nan dole in yi magana da kai kai-tsaye, ya ɗan'uwana saurayi. Ranka amana ce a hannunka. Aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mu jefa kanmu cikin halaka. Masu tafsiri sun kawo bayanin Abu Ayyuba Al-Ansari (RA) cewa ta sauka ne a kan barin ciyarwa saboda Allah, amma malamai sun kafa hujja da gamammen lafazinta a kan duk wata kasada marar dalili. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana mu kashe kanmu, kuma da ita Amru bin Al-As (RA) ya kafa hujja a yaƙin Zatus Salasil, lokacin da ya yi taimama maimakon wanka a wani dare mai tsananin sanyi, Manzon Allah (SAW) kuma bai yi masa inkari ba. Duba fa, wankan ibada ne aka sassauta domin tsare rai. To ina ga wankan nishaɗi?

Akwai wani hadisi da Abu Dawuda ya ruwaito wanda ya dace da mu ƙwarai, mu da muke hawa kan soro mu kwana idan zafin bazara ya tsananta. Ma'anarsa ita ce wanda ya kwana a kan rufin ɗakin da ba shi da abin da zai tare shi daga faɗowa, to alƙawarin kariya ya sauka daga kansa. Wato baligi mai hankali, wanda ya ga haɗari ƙiri-ƙiri ya taka shi, ba shi da wanda zai zarga. Saurayin da ya hau ƙololuwar dutse bayan an ɗauke ruwa, dutse na santsi, ya tsaya a gefe da ƙafa ɗaya domin hoton da zai sa a Facebook, babu gwamnan da zai iya tsare shi. Wanda ya yi gasa da abokai a kan wa zai ƙetare dam, alhali ya san numfashinsa ba ya kai rabi, kunyar a ce ya ji tsoro ce ta kai shi. Wanda ya san yana da ciwon farfaɗiya ya shiga ruwa shi kaɗai, ya yi wasa da amanar da aka ba shi. Ruwa kan ci gwani ma, balle ɗan koyo. Ina ganin mu matasan yau mun iya lissafa abin da hukuma ta gaza yi mana, kuma da yawa gaskiya muke faɗi, amma wannan lissafin ba zai amsa mana tambayar da za a yi mana a kan ranmu da ƙuruciyarmu ba.

Sai dai da a nan maganar ta tsaya, da an zalunci yaron nan ɗan shekara tara. Shi ba mukallafi ba ne, alƙalami bai hau kansa ba. Ramin da ya ci shi kuma ba Allah ne Ya halicce shi haka nan kamar gulbi ba, hannun mutum ne ya haƙa shi ya bar shi. A nan ne na ga fiƙihunmu ya riga mu yin wannan tunani da fiye da shekara dubu.

Hadisi ya tabbata daga Abu Huraira (RA) cewa ɓarnar dabba, da rijiya, da ramin haƙar ma'adini, babu diyya a cikinsu. Wanda ya tsaya a zahirin wannan sai ya ce ke nan mai rami ba ruwansa. Amma Imam Malik, wanda mazhabarsa muke bi a wannan ƙasa, ya fayyace a Muwaɗɗa, a babin diyya, cewa wanda ya haƙa rijiya ko ya yi wani abu makamancin haka a kan hanyar Musulmi, a inda bai halatta ya yi ba, to shi ke da lamunin duk abin da ya salwanta a dalilinsa. Abin da ya halatta ya yi kuwa, kamar ramin tara ruwan sama, babu lamuni a kansa. Ya kuma kawo wata mas'ala da duk mutumin Dutse, garin dabino, zai gane ta nan take: idan babba ya umarci yaro ya shiga rijiya ko ya hau bishiyar dabino, yaron ya halaka, wanda ya umarce shi ne ke da lamuni. Yanke hukunci a kan wani mutum takamaimai aikin alƙali ne. Amma ma'aunin ya fito fili. Shari'a tana duban shekarun wanda abin ya sama da hankalinsa, tana duban ko haɗarin a bayyane yake ko a ɓoye, tana kuma duban wa ya samar da shi da kuma ko yana da haƙƙin yin haka a wurin.

Idan muka ɗora wannan ma'auni a kan ƙasarmu, abubuwa da yawa za su warware. Tsawon dutse a bayyane yake, ko yaro ya san faɗowa daga sama ba daɗi. Zurfin ramin burji kuwa a ɓoye yake, domin fuskar ruwa ɗaya ce, ko ya tsaya a gwiwa ko ya shanye raƙumi. Tsohon kududdufin gari, wanda kakanni suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, yawanci bakinsa a kwance yake, kowa ya san halinsa, yana kuma ɗauke wa gari ruwan sama. Ramin da injin ya haƙa cikin mako biyu kuwa ba wanda ya san cikinsa. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama babban birni, gine-gine da tituna ba su tsaya ba, aka kuma ƙara da Jami'ar Tarayya a 2011. Wannan ci gaba ne da muke gode wa Allah a kansa. Amma kowace tifar ƙasa da aka zuba a wani wuri, rami ta bari a wani wurin, kuma unguwanni suna ta matsowa kusa da ramukan da a da suke daji.

Wani abin sha'awa shi ne, kotunan wasu ƙasashe sun yi ta kai-kawo har suka iso kusa da inda Imam Malik ya tsaya. A Ingila, cikin watan Mayu na 1995, wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna John Tomlinson ya yi alkafura cikin wani tafki da asalinsa ramin haƙar yashi ne, a wurin shaƙatawa na ƙaramar hukumar Congleton, duk da allunan gargaɗi da aka kafa. Kansa ya bugi ƙasa, wuyansa ya karye, jikinsa ya shanye. Ya kai ƙara. A 2003 kotu mafi girma a ƙasar a wancan lokaci ta ce hukumar ba ta da laifi, domin haɗarin a bayyane yake kuma shi baligi ne. Alƙalan sun kuma nuna cewa ba adalci ba ne a lalata bakin tafkin a hana dubban iyalai shan iska saboda 'yan kaɗan da ba sa jin gargaɗi. Amma wannan kotu ɗin dai, a 1972, ta kama hukumar jiragen ƙasa da laifi a kan wani yaro ɗan shekara shida da ya bi ta karyayyen shinge ya taka layin dogo mai lantarki, domin ma'aikatan sun san shingen ya karye kuma sun san yara na bi ta wurin. Ban kawo wannan don dokarsu hujja ce a kanmu ba. Na kawo shi ne don a ga cewa hankali mai lafiya, ko a ina yake, yana bambanta baligin da ya zaɓi kasada da yaron da aka haƙa wa tarko.

Matsalar kuma ba tamu ce mu kaɗai ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021. Fiye da kashi 90 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke, kusan ɗaya cikin huɗu kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A 2021 ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin tunatarwa a kan wannan, ranar da ke faɗowa a tsakiyar daminarmu. Magungunan da hukumar ta zayyana kuwa ba su fi ƙarfinmu ba: a killace wuraren ruwa masu haɗari, a samar da mai kula da ƙananan yara a lokacin da iyaye ke aiki, a koya wa 'yan makaranta iyo, a koya wa jama'a yadda ake ceto da yadda ake farfaɗo da wanda aka tsamo. A Bangladesh, ƙasar Musulmi mai yawan tafkuna, da gora ake kewaye wani sashe na tafkin ƙauye a yi dandamali a ciki, matasan garin su riƙa koya wa yara iyo a nan.

Wannan ne ya sa nake ganin hani zalla ba kariya ba ce. Duk shekara ana cewa a hana yara zuwa tafki, duk shekara kuma suna zuwa, sai dai yanzu a ɓoye, ba tare da babba ba. Yaron da ya san bulala na jiransa, idan abokinsa ya nutse, sau da yawa gudu yake yi ya yi shiru har magariba. A da kakanninmu sukan tsorata mu da 'yan ruwa don mu guji wurare masu zurfi, ga kuma Sarkin Ruwa da masunta da suka san kowane gurbi. Ilimin addini ya kore mana camfin, alhamdu lillahi, amma ba mu maye gurbinsa da ilimin ruwan ba. Ga kuma garuruwan bakin Kogin Haɗeja, irin su Ringim, waɗanda suka ɗanɗana ambaliyar 2022. Ga mutanen irin waɗannan wurare iyo ya wuce wasa, guzurin ranar wuya ne.

Saboda haka kariyar da nake nema daga masu iko mai sauƙi ce. A sa a cikin yarjejeniyar kowace kwangila cewa ba za a biya kuɗin ƙarshe ba sai an cike ramin ko an kwantar da bakinsa an kewaye shi. Ƙananan hukumomi su san adadin ramukan da ke yankinsu. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su ware wurin da aka auna zurfinsa a ce nan ne wurin wanka, a sa babba ya tsaya. Kowa makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, kamar yadda hadisi ya karantar, kuma kiwon shugaba ya haɗa da ramin bayan gari.

Mu kuma matasa akwai namu, wanda ba sai mun jira kasafin kuɗi ba. Mu sani cewa mai nutsewa ba ya ihu yadda ake nunawa a fim. Bakinsa na neman iska ne, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba sai ya ɓace, kuma ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan 'yan mintuna kaɗan babu numfashi. Mu sani cewa wanda ke nutsewa yana riƙe duk abin da ya samu da ƙarfin fitar rai, shi ya sa gawa ɗaya ke zama biyu. Saurayin nan makiyayi ya yi abin da ba kowa ke da zuciyarsa ba, Allah Ya karɓi shahadarsa, amma da akwai doguwar sanda ko igiya da jarkar da aka toshe bakinta a wurin, wataƙila da duka biyun suna raye. A miƙa, ko a jefa, kafin a yi tunanin faɗawa. Idan an tsamo mutum ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen juya shi ƙasa ko matsa cikinsa don ruwa ya fita. A kwantar da shi, a hura masa iska a baki, a riƙa danna ƙirjinsa, a kuma nemi asibiti. 'Yan agajin masallatanmu da na Red Cross za su iya koyar da wannan a yini ɗaya idan ƙungiyoyin ɗalibai suka gayyace su.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, kafin damina ta gaba ta sauka, ya zaga unguwarsu ya ƙirga ramukan da ke cika da ruwa. Ya samu abokai biyu ko uku su je wajen mai unguwa da ladabi su nuna masa. Ya roƙi limaminsu ya yi huɗuba ɗaya a kai. Idan ya iya iyo, ya koya wa ƙannensa a wurin da ya san zurfinsa, idan bai iya ba, kada kunya ta hana shi faɗa a gaban abokai. Kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, ban kuwa san abin cutarwar da ya kai rami mai cin yara ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba iyayensu haƙurin jure rashi, Ya tsare mana zuri'armu a tudu da ruwa, Ya kuma ba shugabanninmu ikon sauke amanar da ke wuyansu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuma Shi ne Mafi sani.